Musanyar Kuromosom a Sankarar Jinin Yara: Me Aka Gada, Me Ya Faru Daga Baya?

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara 8 ne, watan jiya aka gano yana da sankarar jini. Tun yana ɗan shekara 2 yake tangaɗi idan yana tafiya, maganarsa ba ta fita sosai, ga wasu jajayen jijiyoyi a farin idonsa. Sakamakon gwajin ɓargo ya nuna wai guntun kuromosom na 7 da na 14 sun yi musanya. Likitocinsa sun ce suna zargin wata lalura ta gado mai suna A-T, sun ce ba za su yi masa gashi ba, za su rage ƙarfin wasu magunguna, kuma suna so a gwada ƙannensa biyu. Shin wannan musanyar daga gare mu ya gaje ta, ni da mahaifiyarsa? Ƙannensa ma za su kamu ke nan? Kuma rage maganin ba zai ba cutar dama ba?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya ba ku ƙarfin jinya. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko abin da aka gani a ɓargon ɗanka yana cikin jininka ko na mahaifiyarsa tun asali, da abin da hakan ke nufi ga ƙannensa, da kuma dalilin da likitoci suka sassauta hannu a cutar da kowa ya san da ƙarfi ake tunkarar ta. Amsata ta dogara ne da abin da ka rubuta, tunda ban ga yaron ba kuma ban ga takardar gwajin ba, amma bayaninka ya yi daidai da abin da muke gani a A-T. Musanyar da aka gani ba ita ya gada ba. Da za a duba jininka ko na mahaifiyarsa, kuromosom na 7 da na 14 suna nan yadda suke. Abin da ya gada, idan zargin likitocin ya tabbata, rauni ne a hanyar da jiki ke gyara zaren DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, idan ya tsinke, musanyar kuwa daga baya ta auku a cikin wasu ƙwayoyin jininsa saboda wannan raunin.

Yadda guntaye ke sauya mazauni

Kusan kowace ƙwayar jikin ɗan Adam tana ɗauke da kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma sai a 1956 aka tabbatar da wannan adadi. Kowane kuromosom dogon zaren DNA ne da aka nannaɗe, ƙwayoyin gado kuma suna jere a kansa. Ina yi wa iyaye misali da littafi mai juzu'i 46 wanda dole a kwafe shi baki ɗaya duk lokacin da ƙwaya ɗaya za ta rabu biyu. Shafi yakan yage, kuma jiki yana da masu gyara da ke maida shi inda ya fito. Wani lokacin sai a liƙa shi a wani juzu'in daban, wannan ita ce musanya. Wani lokacin a maida shi a kife, ko ya ɓace gaba ɗaya, ko a kwafe shi fiye da sau ɗaya. Yawancin irin waɗannan kurakurai ba sa haifar da komai, domin ƙwayar mutuwa take yi. Matsala tana zuwa ne idan liƙin ya haɗa rabin wata ƙwayar gado da rabin wata har suka samar da sabon furotin mai umartar ƙwaya ta yi ta rabuwa, ko kuma ya ajiye ƙwayar gado mai sa girma kusa da makunnin da ba ya mutuwa.

A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani ɗan ƙaramin kuromosom a jinin masu wata sankarar jini a birnin Filadelfiya na Amurka, a 1973 kuma Janet Rowley ta nuna cewa musanya ce tsakanin na 9 da na 22. Tun daga nan aka gano irinta da yawa a sankarar yara. Wadda ta fi yawa ita ce ta tsakanin na 12 da na 21, wadda ake samu a kusan kashi 25 cikin 100 na sankarar jinin yara da ta fi yaɗuwa. Binciken Mel Greaves da abokan aikinsa a Landan, wanda suka yi a kan tagwaye da jinin cibiyar jarirai, ya nuna tana faruwa tun yaro yana ciki, kuma kusan jariri 1 cikin 100 yana zuwa duniya da 'yan ƙwayoyi masu ita, amma ƙalilan ne daga cikinsu suke kamuwa da sankara. Ka lura da wannan, domin iyaye da yawa suna rikicewa a nan: abu zai iya faruwa tun a ciki ba tare da an gaje shi ba. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan yara da matasa 1,120 masu sankara iri-iri ya samu tabbataccen lahani na gado a kashi 8.5 cikin 100 kawai, a masu sankarar jini ma adadin bai kai haka ba. Ɗanka, idan A-T ce, yana cikin wannan ƙaramin rukuni.

Dalilin da ya sa na 7 da na 14

Cikakken sunan lalurar A-T shi ne atakziya-telanjiyektaziya. Kalmar farko tana nufin tangaɗin da ka ambata, wanda ke zuwa saboda lalacewar sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya mai daidaita motsi, ta biyu kuma jajayen jijiyoyin ido, waɗanda sukan bayyana bayan tangaɗin da 'yan shekaru. A 1995 tawagar Yosef Shiloh a Tel Abib ta gano ƙwayar gadon da ke da alhaki, aka sa mata suna ATM, kuma tana kan kuromosom na 11. Ka ga ke nan abin da aka gada ba ya ma kan na 7 ko na 14. Aikin furotin ɗin ATM gadi ne: idan zaren DNA ya tsinke gida biyu, shi ke fara lura, ya dakatar da ƙwayar daga rabuwa, ya kira masu gyara, idan kuma ɓarnar ta fi ƙarfin gyara ya sa ƙwayar ta kashe kanta.

Abin da ya sa rashin wannan mai gadi ya fi yi wa fararen ƙwayoyin jini illa shi ne, suna cikin 'yan ƙwayoyin jiki ƙalilan da suke yanka DNA ɗinsu da gangan. Ƙwayoyin garkuwa da muke kira T da B suna buƙatar gane miliyoyin ƙwayoyin cuta daban-daban, alhali ƙwayoyin gadon mutum duka ba su wuce kimanin 20,000 ba. Dabarar da jiki ke bi ita ce, kowace ƙwaya tun tana ƙarama takan yanke wasu guntaye, ta sake harhaɗa su ta sabon tsari, ta haka kowace take samun makamin da babu mai irinsa. Gano wannan dabara ne ya sa aka ba Susumu Tonegawa kyautar Nobel a 1987. Wuraren da ƙwayoyin T ke yin wannan yanka suna kan kuromosom na 7 da na 14. A jikin da ATM ke aiki, ana riƙe bakin zaren biyu har a ɗaure su daidai. A jikin mai A-T, bakin da aka yanke a na 7 yana iya haɗuwa da wanda aka yanke a na 14, ƙwayar kuma ta ci gaba da rabuwa domin babu mai tsayar da ita.

Akwai abu biyu da nake so ka tambayi likitocin a nan. Na farko, masu A-T da ba su da sankara ma ana ganin musanyar 7 da 14 a kimanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na ƙwayoyin T ɗinsu idan aka duba, har ma tana cikin alamomin da ake gane lalurar da su. Saboda haka yana da kyau a san ko musanyar tana cikin ƙwayoyin sankarar ne, ko a cikin lafiyayyun ƙwayoyin da suka biyo samfurin. Na biyu, yaran da ba su da wata lalura ta gado ma sukan samu musanya a waɗannan wurare idan sankararsu ta ƙwayoyin T ce. Takardar kuromosom ita kaɗai ba ta tabbatar da A-T. Abin da ke tabbatarwa shi ne alamomin jiki, da hauhawar wani furotin a jini mai suna AFP da ake samu a mafi yawan masu lalurar, da kuma gwajin ƙwayar gadon ATM kanta. A aikina na fi son a yi wannan gwaji na ƙarshe da ɗan guntun fata da aka rena a ɗakin gwaji, domin jinin mai sankara cike yake da ƙwayoyin da suka tara nasu kurakuran, kuma suna iya ruɗar mai dubawa.

Kowace lalura da irin tabon da take bari

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan fanni shi ne, kowace lalurar gado tana da sauyin kuromosom da ya fi bin ta, har wani lokacin takardar ɓargo ce ke fara tona asirin lalurar da ba a sani ba a gida. Lalurar Nijmegen, wadda aka fara bayyanawa a Holan a 1981, tana taɓa furotin da ke aiki tare da ATM, shi ya sa ita ma 7 da 14 take nunawa. Lalurar Bloom kuwa tana sa kwafi biyu na kuromosom ɗaya su yi ta musanya da juna kusan ninki 10 na yadda aka saba.

Lalurar Fanconi, wadda likitan yara ɗan Suwizalan Guido Fanconi ya bayyana a 1927, ta fi waɗannan zuwa gabanmu. Ƙwayoyin gado fiye da 20 ne ke iya jawo ta, kuma rauninta a wajen warware zaren DNA biyu ne idan suka manne da juna. Ɓargo yana gajiya a hankali, sannan wasu ƙwayoyi su fara tsira da sauye-sauye da muka sani: ƙarin guntu a dogon hannun na 1 ko na 3, ko ɓacewar kuromosom na 7 guda. Na taɓa kula da wata yarinya 'yar shekara 9 da aka turo mana da ƙarancin jini, aka ga ƙarin guntu a na 3 da ɓacewar na 7, aka fara shirin dashen ɓargo, wanta kuma ya dace da ita a gwajin dacewa. Ranar da ya zo a duba shi sai na lura babban yatsan hannunsa na hagu siriri ne kuma bai zauna daidai ba. Muka tura jininsu duka biyu gwajin karyewar kuromosom, wanda ake zuba wa ƙwayoyi wani sinadari a ƙirga karaya, sai ya nuna dukansu suna da Fanconi. Da an yi dashen, da mun ba ta ɓargo mai irin ciwonta, kuma da maganin shirin dashen a cikakken ƙarfinsa ya yi mata illar da ba lallai ta tashi ba. Tun daga lokacin ba na karanta takardar kuromosom ba tare da na duba hannun yaro da tsawonsa da tabon fatarsa ba.

Ɓacewar na 7 tana da wani labarin mai ban mamaki. Akwai yaran da suka gaji lahani a ƙwayoyin gado biyu da ke kan na 7 ɗin kansa, SAMD9 da SAMD9L, lahanin da ke danne girman ƙwayoyin ɓargo. Ƙwayar da ta yar da kuromosom mai lahanin sai ta samu sararin girma fiye da sauran, ta mamaye ɓargo. Gudun wata matsala ne ya jefa ta cikin wata, domin rashin na 7 hanya ce ta sankara.

Lalurar Down daban take, kuma ana yawan sa ta cikin jerin na gado alhali a kusan kashi 95 cikin 100 kuskure ne na rabon kuromosom a ƙwan uwa ko maniyyin uba, wanda ya bar yaro da na 21 guda uku. Haɗarin sankarar jini a wurinsu ya ninka na sauran yara sau 10 zuwa 20. Kusan 1 cikin 10 na jariransu suna zuwa da wata cikowar ƙwayoyi mai kama da sankara, mai alaƙa da sauyi a ƙwayar gadon GATA1, wadda galibi takan wuce da kanta cikin 'yan watanni, amma kusan 1 cikin 5 na waɗanda suka yi ta sukan kamu da sankara ta gaske kafin shekara 4 ko 5. A ɗaya nau'in sankarar tasu kuma, kusan rabi suna da sauyin da ke kunna ƙwayar gadon CRLF2, abin da ba shi da yawa a sauran yara.

Don kada in bar ka da ƙa'idar da ta wuce gaskiya, akwai inda sauyin kuromosom ɗin kansa yake cikin kowace ƙwayar jiki tun haihuwa. Mutanen da aka haifa da na 15 da na 21 a manne, abin da ba kasafai ake samu ba, binciken 2014 ya nuna haɗarinsu na wani nau'in sankarar jini da ake ninka guntun na 21 a cikinsa ya kai kusan ninki 2,700. Haka nan idan ƙwayoyin sankarar yaro suka zo da kuromosom 32 zuwa 39 maimakon 46, kusan rabin irin waɗannan yara sun gaji lahani a ƙwayar gadon TP53, wato lalurar Li-Fraumeni, kuma a nan sai a duba dangi gaba ɗaya, manya da yara.

Batun rage magani

Gashi, wato ƙona sankara da haske mai ƙarfi, da yawancin magungunan kemo suna kashe sankara ne ta hanyar karya DNA. Ana amfani da su a kan dogaro cewa lafiyayyun ƙwayoyi za su gyara kansu, na sankara kuma su kasa. A jikin mai A-T wannan dogaro ya rushe, domin fata da hanji da huhu da ƙwaƙwalwa duka ba su da mai gadin. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka samu rahotannin yara masu A-T da gashi na ƙa'ida ya yi musu mummunar ƙuna har wasu suka rasu, kuma daga nan ne ma aka fahimci asalin lalurar. Shi ya sa likitocin ɗanka suka cire gashi, kuma na yarda da su. Akan guji bleomisin, a rage irin su etoposayid, a yi taka-tsantsan da saikulofosfamayid saboda yana iya jawo zubar jini daga mafitsara ko bayan watanni. Ko a wajen hoto, akan fifita MRI da hoton sauti a kan sikanin CT sai idan babu makawa.

Tsoronka na cewa cutar za ta samu dama yana da tushe, kuma ni ma nakan ji shi duk lokacin da na rubuta magani ƙasa da yadda littafi ya ce. Abin da ke sassauta shi shi ne, ƙwayoyin sankarar ma daga jikin yaron suka fito, su ma ba su da ATM, don haka maganin da aka rage yana iya yi musu ɓarnar da cikakkensa ke yi wa sankarar wani yaron. Kuma ba kowane magani ake ragewa ba. Kuskuren da na fi gani shi ne a tsorata a zaftare komai, sankara ta dawo. Hanyar da ta fi ita ce a fara da tsarin da aka gyara, a auna ragowar ƙwayoyin sankara a ɓargo bayan kusan wata guda na magani, a ƙara ko a rage bisa abin da gwajin da jikin yaron suka nuna. Ba zan ɓoye maka ba, a ƙasashen da ke da kayan aiki kusan yara 9 cikin 10 masu sankarar jinin da ta fi yawa suna warkewa, amma masu A-T ba su kai haka ba, domin garkuwarsu mai rauni ce tun asali, kuma ciwon huhu da cututtuka masu shiga jini sun fi kama su lokacin magani. Duk da haka ana samun waɗanda sankarar ke barinsu. Zazzaɓi a wurinsa abin gaggawa ne ko da tsakar dare, kuma ka tambaya ko an auna sinadaran garkuwarsa, domin wasu suna buƙatar a riƙa ƙara musu ta jijiya.

Ƙannensa, da ku iyaye

Gadon A-T yana bin tsarin da ka sani a sikila. Kai kana da kwafi ɗaya mai lahani da ɗaya lafiyayye, mahaifiyarsa ma haka, kuma babu wanda ya san yana ɗauke da shi a cikinku tunda ba ya nuna alama. Kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na haɗa masu lahanin biyu, 2 cikin 4 na ɗaukar ɗaya kamar ku, 1 cikin 4 na fita babu ko ɗaya. Lissafin sabo ne a kowane ciki, samun ɗa ɗaya mai lalurar ba ya kare na bayansa kuma ba ya ƙara musu. Idan ƙannen sun wuce shekara 4 ko 5 suna gudu suna tsalle ba tangaɗi, alama ce mai kwantar da hankali, sai dai akwai nau'i mai sauƙi da ke jinkirin bayyana, shi ya sa gwajin ya fi ido. Ga wanda bai kai shekara 2 ba, AFP ba abin dogaro ba ne domin yana da yawa a jinin jarirai da ma, sai a je kai tsaye ga gwajin ATM, wanda yake da sauƙi idan an riga an san ainihin lahanin da ke jikin yayansu.

Ko da ɗaya daga cikinsu ya fito da lalurar, hakan ba ya nufin sankara dole. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu A-T ne ke kamuwa da sankara a rayuwarsu, mafi yawa ta jini ko ta kaluluwa a ƙuruciya, kuma babu gwajin da ke nuna wane ne zai kamu. Amfanin sani shi ne a kiyaye shi daga hotunan da ba dole ba, a kula da huhunsa da garkuwarsa, a kuma duba shi da wuri idan kaluluwa ta kumbura ta ƙi sauka, ko ya ɗashe, ko zazzaɓi ya ƙi tafiya. Idan kuma wata rana aka yi maganar dashen ɓargo, wanda a A-T ba a cika yi ba saboda haɗarin maganin shirinsa, dole a san matsayin duk wanda zai bayar.

Abu na ƙarshe ya shafi mahaifiyarsa, kuma sau da yawa ana mantawa da shi saboda hankali yana kan mara lafiya. Matan da ke ɗauke da kwafi ɗaya na ATM mai lahani suna da haɗarin sankarar mama da ya ninka na sauran mata kusan sau 2 zuwa 3. Idan gwaji ya tabbatar, ta nemi likita ya tsara mata lokacin fara binciken mama da wuri, kuma a sanar da 'yan'uwanta mata da naka, domin kowace daga cikinsu tana da yiwuwar rabi da rabi ta ɗauke da shi. Ka roƙi likitocin su ba ku kwafin sakamakon gwajin ATM mai ɗauke da ainihin sunan lahanin, ku adana shi, domin da shi za a gwada duk wani ɗan'uwa nan gaba ba tare da an sake bincike daga farko ba.